Babi na Shida: Sammaci a Bakin Ruwa

A watan Oktoba na 2017, Mai Shari'a Okon Abang na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya sa hannu a wata takarda da ba a saba ganin irinta ba. Sammaci ne ga tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan, ya zo ya ba da shaida. Wanda ya nemi a kira shi kuwa Olisa Metuh ne, tsohon kakakin jam'iyyar PDP, wanda hukumar EFCC ke tuhuma da karɓar naira miliyan 400 daga ofishin Sambo Dasuki, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a zamanin Jonathan ɗin. Shi Dasuki an ɗauko shi daga hannun jami'an DSS, ya shiga akwatin shaida. Jonathan kuwa, masinjan kotu ya je gidansa na Abuja bai same shi ba. Ana cikin haka sai lauyansa, Mike Ozekhome, ya shigar da buƙata: ko dai a soke sammacin, ko kuma Metuh ya ajiye naira biliyan ɗaya a kotu, kuɗin tafiyar maigidan daga Otuoke ta jihar Bayelsa zuwa Abuja, haɗe da na masu tsaron lafiyarsa. Har aka yanke hukunci a 2020, Jonathan bai tsaya a akwatin ba.

Jama'a sun sha dariya da jin biliyan ɗaya kuɗin mota. Amma lauyan ba daga kansa ya ƙago hujjar ba. Da sashe na 241 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ya jingina, inda aka ce idan mai gabatar da ƙara ba jami'in gwamnati ba ne, wanda aka aika wa sammaci bai zama dole ya zo ba sai an ba shi kuɗin tafiya. Ko sashen ya hau kan shari'ar Metuh ko bai hau ba, wannan gardamar lauyoyi ce. Tambayar da ke ƙarƙashinta dai ba ta manya kaɗai ba ce, kuma akwai wanda ya fi Jonathan cancantar yin ta nesa ba kusa ba: masuncin da ke zaune a wani gungu a tafkin Kainji, wanda tsautsayi ya sa aka sari wani a gabansa, aka rubuta sunansa a caji ofis, bayan wata uku kuma takarda ta iso cewa ana nemansa a kotu a Yelwa ta jihar Kebbi ƙarfe tara na safe.

Kafin wannan mutum ya ga ƙofar kotu sai ya bar tarunsa, ya biya kuɗin kwalekwale zuwa gaɓa, ya hau babur zuwa bakin titi, sannan ya nemi mota. In shari'ar ta tarayya ce, ba Yelwa zai tsaya ba, sai Birnin Kebbi, tafiyar kusan kilomita 200 ta Koko da Jega. Takardar da aka miƙa masa wataƙila da Turanci aka rubuta ta, shi kuwa Gunganci ko Kambarci ne harshen gidansu, Hausa ta kasuwa ce. In ya isa, ba abin mamaki ba ne a ce masa alƙali ya tafi taro, ko lauya ya aiko da takardar rashin lafiya, a dawo wata mai zuwa.

To, in ya ƙi zuwa fa?

Doka ba ta bar wannan a duhu ba, mataki-mataki ta jera shi. Na farko, dole kotu ta tabbatar sammacin ya isa hannunsa ta hanyar da aka tsara. Wannan ne ya sa ake cewa mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a bayan takardar, masinja kuma ya koma ya tabbatar wa kotu cewa ya kai. In ba a cika wannan ba, babu laifin da ya hau kan kowa, kuma a nan ne sammaci da yawa ke mutuwa, domin gungu ba shi da lambar gida, masunci kuma yana bin kifi ne, inda ya kwana bana ba lallai a same shi a nan baɗi ba. In an tabbatar an kai, bai zo ba, bai kuma aiko da uzurin da hankali zai ɗauka ba, alƙali na da ikon ba da waranti a kamo shi. Har ma dokar ta yarda a tsallake sammaci a fara da waranti kai tsaye, idan wani ya rantse cewa mutumin ba zai zo ba sai an tilasta shi. Wanda aka kamo ana iya ba da belinsa bisa alƙawarin zai bayyana ranar zama, in kuma bai cika sharaɗin ba a tsare shi har ranar.

Bayan wannan sai hukunci. Sashe na 246 ya ce shaidan da ya ƙi zuwa ba tare da dalili ba, ko ya zo ya sulale daga harabar kotu ba da izinin alƙali ba, za a iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata biyu ba. Wannan laifi na sulalewa yana kama mutane da yawa ba su sani ba: mutum ya zo da safe, ya zauna a benci har azahar ba a kira shi ba, ya ce bari ya je kasuwar Yelwa ya sayar da busasshen kifinsa kafin 'yan sari su watse. A idon doka shi da wanda bai zo ba ɗaya suke. Haka wanda ya zo zaman farko aka ɗage, aka ce ya dawo, bai dawo ba. Wanda kuma ya zo amma ya ƙi rantsuwa, ko ya ƙi amsa tambaya, ko ya ƙi fito da takardar da aka ce ya kawo, ana iya ajiye shi a gidan yari har kwana 30. Sai dai ba ɗan sanda ne zai ga dama ya maka shi a kotu kan ƙin zuwa ba, sai alƙalin da ke sauraron shari'ar ya ba da umarni da kansa.

Waɗannan adadi na dokar tarayya ne, wadda ke aiki a kotunan tarayya da na Abuja. Kotun majistare da babbar kotun jiha suna bin dokar da Kebbi ta yi wa kanta a kan wannan tsari, kamar yadda sauran jihohi suka yi. Tun kafin su duka kuma akwai Final Kod, kundin laifukan da Jihar Arewa ta kafa a 1959 ya fara aiki a 1960, wanda aka ɗauko samfurinsa daga Sudan, ita kuma ta ɗauko daga kundin da Ingilishi suka yi wa Indiya a 1860. A cikinsa, ƙin amsa kiran kotu laifi ne da ɗaurinsa zai iya kaiwa wata shida, haka ɓuya don kada sammaci ya same ka, haka hana masinja isar da shi.

Tarar 10,000 ɗin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Lokacin da aka rubuta ta a 2015, mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 18,000 ne, watau tarar ta haura rabin albashin wata. Daga Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000, tarar ta zama kashi ɗaya cikin bakwai. A tsakanin nan an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, injin kwalekwale kuwa fetur yake sha. Duk wanda ya iya lissafin kasuwa zai ga inda aka kwana: ga mutumin da ke nesa, zuwa kotu sau biyu ko uku ya fi tarar tsada. Ɗaurin wata biyun ne kaɗai ya rage da sauran haƙori, alƙalai kuma ba su cika son ɗaure mutumin da bai saci komai ba, laifinsa kawai idonsa ya gani.

Shi ya sa a zahiri hukuncin rashin zuwan shaida ba a kan shaidan yake sauka ba. Wani ne daban ke ɗaukarsa.

Mutane da yawa suna ganin in sun ba da bayani a caji ofis sun sauke nauyi. “Ai na riga na faɗa wa 'yan sanda, sun rubuta,” haka za ka ji ana cewa. Wannan rubutu ba shaida ba ne a gaban alƙali. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma 'yancin ya yi wa shaidun masu ƙara tambayoyi, da kansa ko ta bakin lauyansa, takarda kuwa ba ta amsa tambaya. Dokar Shaida ta 2011 ganau take so, ba ta karɓar jiyau sai a wurare ƙididdigaggu. Ko da mutum ya zo ya faɗi abin da ya gani, in bai dawo ranar da ɗaya ɓangaren zai yi masa tambayoyi ba, maganarsa ta zama ba ta da nauyi, sau da yawa ma share ta ake yi daga kundin shari'ar.

Ƙasar Yawuri tana da tsohon misali na yadda labarin jiyau yake. Abin da duniya ta sani game da mutuwar Bature mai yawon bincike Mungo Park a Busa a 1806 daga bakin jagoransa Amadi Fatuma ya fito. Amma Amadi a Yawuri ya rabu da Baturen, aka kuma sa shi a mari a nan, bai ga abin da ya faru a duwatsun Busa ba. Daga bakin wani bawa da ya tsira daga jirgin ruwan Baturen ya ji, shi kuma ya faɗa wa Isaaco, wanda aka aiko bincike a 1810, Isaaco ya kai wa Turawa. Baki uku ke nan kafin magana ta isa takarda. Masana tarihi sun karɓa don ba su da wani, tsohuwar Busa ma yanzu tana ƙarƙashin ruwan tafkin. Majistaren Yelwa ba zai ɗaure kowa da irin wannan ba.

Idan shaida bai zo ba, mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce, “Ya mai shari'a, shaidunmu ba su samu isowa ba, muna roƙon wata rana.” A ɗage. Dokar 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa: ta ce a riƙa zama kullum, in hakan bai yiwu ba kowane ɓangare kada ya wuce ɗagewa biyar, tsakanin zama da zama kuma kada ya wuce kwanakin aiki 14. A takarda ke nan. Wanda ake tuhuma, in laifin babba ne ko ba shi da mai tsaya masa, yana gidan gyaran hali na Yelwa yana ƙirga watanni. A faɗin Nijeriya, kusan biyu cikin kowane uku na mutanen da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Ba duka ne rashin shaida ya zaunar ba, akwai jiran shawarar ma'aikatar shari'a, akwai rashin motar kai fursuna, amma duk wanda ya zauna a kotu na mako guda ya san sau nawa ake jin wancan roƙo.

In abin ya ishi alƙali, sai ya kori ƙarar don masu ita sun kasa bin ta. A nan ma akwai abin da ake yawan ruɗewa a kai. Korar ƙara irin wannan sallama ce kawai, ba wankewa ba, ana iya sake kama mutumin gobe a kan laifin nan dai. In kuwa masu ƙara sun rufe shaidunsu da abin da bai taka kara ya karya ba, lauyan wanda ake tuhuma zai ce babu abin da za a kare, in kotu ta yarda an wanke shi ke nan har abada. Ta haka mai laifi na gaske ke komawa gari yana taƙama, wanda aka zalunta kuma ya ce an sayi alƙali, alhali maƙwabcinsa ne da ya ga komai ya ƙi tashi daga gona.

Ba talaka kaɗai ke ƙin zuwa ba. Shaidan da ya fi ɓata wa kotuna lokaci sau da yawa ɗan sandan da ya binciki lamarin ne, wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ko likitan da ya duba rauni ya bar asibitin. Dokar Shaida ta san da wannan. Sashe na 49 ya yarda a karɓi rubutaccen bayanin ɗan sanda mai bincike in an kasa samo shi, amma da sharaɗin ɓangaren wanda ake tuhuma bai ƙi ba, lauyan da ya san aikinsa kuwa da wuya ya yarda. Sashe na 46 kuma ya ba da damar amfani da shaidar da mutum ya taɓa bayarwa a gaban kotu in ya rasu, ko an neme shi an rasa, ko abokin shari'a ne ya ɓoye shi, muddin an taɓa samun damar yi masa tambayoyi.

Yawancin mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga dai ba a babbar kotu suke haɗuwa da shari'a ba. A kotun Musulunci ne, kan gona da gado da bashi da aure, inda ake magana da Hausa, ake ce wa alƙali “Allah ya gafarta Malam.” A can hukuncin ƙin ba da shaida ya girmi Final Kod da fiye da shekara dubu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta hana shaidu ƙin amsa kira, ta kuma hana a cutar da su, ayar da ke bin ta ta ɗora zunubi a kan mai ɓoye shaida. Abin sha'awa shi ne yadda malaman Malikiyya suka sauko da wannan umarni ƙasa, suka auna shi da ƙafa da abin hawa.

Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da shi tun kafin jihadi, ya raba abin biyu. Ɗaukar shaida, watau a kira ka ka halarci ciniki ko bashi, farilla ce da in wasu sun yi ta faɗi a kan saura. Bayar da ita a gaban alƙali kuwa wajibi ne a kan wanda ya ɗauka, in nisan da ke tsakaninsa da alƙali bai wuce kamar baridi biyu ba. Baridi mil 12 ne, biyu ke nan mil 24, wajen kilomita 40. A cikin wannan nisa ba a yarda ya karɓi ko anini daga wanda zai yi wa shaida ba, in ya karɓa shaidarsa ta ɓaci, sai dai abin hawa in tafiyar ƙasa za ta yi masa wuya kuma ba shi da dabba. In nisan ya kai na ƙasaru, mil 48, wajen kilomita 80, zuwan bai wajaba a kansa ba, in kuma ya yarda zai zo, halal ne a ba shi abin hawa da guzuri. A wannan ma'auni, mutumin Yelwa da aka kira Birnin Kebbi ya ninka nisan ƙasaru har da ɗori.

Ba su kuma bar haƙƙi ya salwanta don shaida ya yi nisa ba. Sun buɗe ƙofar shaida a kan shaida: wanda ya gani, in ya yi nisa ko ba shi da lafiya, ya ɗora wa adilai biyu maganarsa su kai wa alƙali, haka in ya rasu bayan ya ɗora musu. Alƙalin wani gari na iya sauraro ya rubuto wa ɗan'uwansa. A sha'anin dukiya, shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara sun isa. In babu shaida sam, rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara.

Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus da ya rasu a 1426, wadda har yau ake buɗewa a kotunan Arewa, ita ta yanka wa mai neman kawo shaidu wa'adi. A ƙarar da ba ta ƙasa ba, kwana takwas, sai shida, sai huɗu, sai ukun ƙarshe na jinkiri, jimilla 21. A ta gida da gona da gado, 15, sai takwas, sai huɗu, sai uku, wata guda ke nan, ana kuma iya kai shi wata uku in shaidun suna nesa. Wa'adi ya cika bai kawo ba, alƙali ya yanke cewa ya gaza, ƙofa ta rufe, ko ya zo da shaidun daga baya ba za a saurare shi ba, ban da 'yan wurare irin su saki da nasaba da waƙafi da jini. Kafin hukunci kuma sai an yi i'izari, a tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran magana. Wanda ya karanta wannan ya kuma dubi shari'ar da ta shekara uku ana ɗagewa, dole ya yi tunanin ko waye ya ci gaba.

Ita ma dokar zamani ta yi alƙawarin guzuri. Sashe na 251 ya ce shaidan gwamnati yana da haƙƙin a biya shi abin da ya kashe daidai gwargwado, sashe na 253 kuma ya ba alƙali ikon ɗora kuɗin shaidan da ya zo a banza a kan ɓangaren da ya nemi ɗagewa. Lauyoyi da masu gabatar da ƙara sun daɗe suna kukan cewa wannan kuɗi ba ya fitowa. Abin da aka fi gani shi ne mai ƙara ya ɗauki nauyin motar shaidunsa da abincinsu, lauyan ɗaya ɓangaren kuma ya miƙe ya tambaya, “Wa ya biya maka kuɗin mota yau?”

Kuɗi dai ana iya nemo shi. Tsoro ne ba shi da magani a wurin rajistara. A ƙauye kowa ɗan'uwan kowa ne, wanda za ka yi shaida a kansa gobe ku haɗu a sahu ɗaya, ƙanwarka na aure a gidansu. Dattawa su zo da dare su ce a bar maganar a yi sulhu a gaban hakimi, shaida ya wayi gari ya tafi ci-rani. A shari'ar fyaɗe wannan ya fi muni, iyaye da kansu ke ɗauke yarinya su kai ta wani gari.

Sai kuma tsoron da ya fi wannan. Ranar 17 ga Yunin 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka kwashi ɗalibai da malamai. Jagoran 'yan bindiga Dogo Giɗe ne ya riƙe su. An sako su kashi-kashi, 'yan mata 11 na ƙarshe kuwa sai a Afrilu da Mayun 2023 suka dawo, bayan kusan shekara biyu. Mutane nawa ne suka ga wucewar ayarin baburan nan a ƙauyukan da ke hanya? Da yawa. Duk ranar da aka gurfanar da wani a kan irin wannan ta'asa, ko infoma ne ko mai kai musu fetur, waɗannan mutane su ne ganau. Sai dai wanda aka kama yana da 'yan'uwa a daji, kotu kuwa ana tashi ƙarfe huɗu, shaida ya koma ƙauyen da babu caji ofis. A ce wa irin wannan mutum za a ci shi tarar 10,000 in bai zo ba, ai an raina abin da yake gudu.

Dokar 2015 ta tanadi wani abu a sashe na 232: a shari'ar ta'addanci da fyaɗe da safarar mutane da makamantansu, ana iya yin zaman sirri, a ɓoye sunan shaida, a sa shi bayan labule ko a rufe fuskarsa, ko ya yi magana ta bidiyo daga wani wuri. An yi amfani da wannan a shari'ar Nnamdi Kanu, jagoran 'yan awaren Biyafara, a Abuja a 2025, inda shaidun gwamnati suka yi magana a bayan shamaki, ana kiransu da baƙaƙe irin su AAA da BBB. Amma waɗancan jami'an tsaro ne. Labule ba ya ɓoye mutumin da duk ƙauyensu suka ga ya hau mota da sassafe ranar da ake zaman kotu. Ko Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague, da duk kuɗinta, ta sha kashi a nan: a Disambar 2014 babbar mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda ta janye tuhumar da take yi wa shugaban Kenya na lokacin Uhuru Kenyatta, a Afrilun 2016 kuma shari'ar mataimakinsa William Ruto ta rushe, bayan shaidu sun yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya.

Yadda shari'a ke kasancewa in an haƙura da shaidu gaba ɗaya, ba sai an je nesa ba, a tsallaken tafkin nan aka gwada. A barikin soja na Wawa, kusa da Sabuwar Busa a jihar Neja, gwamnatin tarayya ta fara shari'ar mutum 1,669 da ake zargi da alaƙa da Boko Haram a Oktoban 2017, watan da ake neman Jonathan da sammaci a Abuja. A zagayen farko an ɗaure 45, an sallami 468 don babu hujjar da za a riƙe su da ita, alhali wasunsu sun shekara da shekaru a tsare. A Fabrairun 2018 an ɗaure 205, ciki har da Haruna Yahaya, wanda aka yanke wa shekara 15 kan sace 'yan matan Chibok. Ƙungiyar Human Rights Watch, wadda ta sa ido a wani zama da ya biyo baya, ta ce wasu shari'un ba su kai minti 15 ba, kuma kusan duka a kan amsa laifin wanda ake tuhuma aka gina su. Mutanen Borno da Yobe da aka ƙone wa gidaje suna can sama da kilomita dubu, ba su ga fuskar kowa ba. Wanda ya amsa ya sha ɗauri, wanda babu mai nuna shi da yatsa aka sallame shi, kuma babu mai iya rantsuwa cewa rabon ya faɗa daidai.

Tafkin kansa yana ƙara dagula lissafi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi mutum fiye da 40,000 daga tsoffin garuruwansu, dangi ɗaya suka rabu gaɓa biyu, yau kuma gaɓar nan Kebbi ce, waccan Neja. Mutumin Zamare ya haye Rofiya da safe ya shiga wata jiha, inda masinjan kotun Yelwa ba shi da ɗan sandan da zai umarta, sai ya bi ta hannun hukumomin can. Jirgin da ya nutse kusa da Wara ranar 26 ga Mayun 2021 daga Lokon Minna ta jihar Neja ya taso, da mutum fiye da 150 a ciki, waɗanda aka ceto da rai kuwa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ce lodi ne ya yi yawa. Da za a nemi tabbatar da wannan a gaban alƙali, wa ya loda, wa ya karɓi kuɗi, wa ya yi gargaɗi aka ƙi ji, to waɗannan tsirarun da suka tsira su ne shaidu, 'yan kasuwa da 'yan ci-rani da suka watse jihohi daban-daban kafin a gama jana'iza.

Akwai masu ganin waya za ta warware wannan. A Yulin 2020, lokacin annobar korona, Kotun Ƙoli ta ce zaman kotu ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba, gyaran da aka yi wa Dokar Shaida a 2023 kuma ya ƙara faɗaɗa karɓar bayanan na'ura. Manyan kotunan Legas da Abuja sun fara amfana. Amma shari'ar satar injin jirgi ko ta shanun da suka shiga gonar albasa har yanzu sai mutum ya zo da ƙafarsa, gungun da sai an hau tudu ake samun sabis kuwa ba wurin yi wa shaida tambayoyi ba ne.

Wanda sammaci ya sama kuma yana da uzuri na gaske, rashin lafiya ko rasuwa ko ambaliyar da ta yanke hanya, abin da kotu ke so shi ne ta ji kafin ranar, ta bakin ɗan aike ko a rubuce, da takardar asibiti in akwai. Alƙalai suna karɓar wannan, shirun ne ke jawo waranti. In ya zo, kada ya bar harabar sai alƙali ya sallame shi da baki, ya kuma tambayi ranar da aka ɗage zuwa, domin ba lallai a sake aiko masa da wata takarda ba. Kuɗin motarsa kuwa, in shaidan gwamnati ne a kotun tarayya, sashe na 254 ya ce a hannun rajistara zai karɓa, daga kason da aka ware wa ɓangaren shari'a a kasafin shekara.